Jini: Gaɓar da Ba Ta Zama Wuri Ɗaya

(Lacca ce da wani ma'aikacin ɗakin gwajin jini ya gabatar a gaban ɗalibai da sauran jama'a. An rubuto ta daga faifan murya, an rage maimaici kaɗan.)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamaina da ke zaune a gaba, iyayenmu maza da mata, ƙannena ɗalibai, barkanku da zuwa. Na gode da kuka ba ni wannan lokaci.

Kafin in ce komai, ku dubi abin da ke hannuna. Na baya, kuna hangowa? To, bari in ɗaga shi sama. 'Yar siririyar kwalba ce, irin wadda ake zuba jinin mutum idan an ɗiba a asibiti. Jinin da ke ciki nawa ne, yau da safe na sa aka ɗiba. Kwalbar tana da maganin da ke hana shi daskarewa. Muka saka ta a na'urar da ke wulwula kwalabe da gudu, ta yi minti 10 tana juyawa. Lokacin da aka zuba jinin, jawur yake daga sama har ƙasa. Yanzu ku duba, ya rabu gida uku. Sama ruwa ne garai-garai, launinsa kamar na busasshiyar ciyawa. Ƙasa ja ne mai duhu, mai kauri. A tsakaninsu kuma, sai ka matso sosai za ka ga wani siririn layi fari-fari, kaurinsa bai fi na farce ba. Zan miƙa ta ta zaga, kowa ya gani da idonsa, gani ya kori ji. A riƙe ta a tsaye, kada a girgiza.

Jini ba ya fita daga bakinmu. Mu ce wane yana da farin jini, wance tana da baƙin jini, jinina ya haɗu da na wane, ɓarawo ya sha jinin jikinsa. Amma ka tambayi mutum mene ne jinin, sai ya ce maka ai jan ruwa ne da ke jiki. Wannan amsa ita na zo in gyara. Jini gaɓa ce, kamar yadda hanta take gaɓa, ƙoda take gaɓa. Bambancinsa da su, shi ba ya zama wuri ɗaya. Yana da rai, ƙwayoyinsa suna mutuwa ana sake yin wasu, ba dare ba rana.

Baligi yana ɗauke da jini kusan lita 5, wato kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na nauyin jikinsa. Yadda kuke zaune ɗin nan, zuciyar kowannenku tana tura kusan lita 5 a minti ɗaya. Kun ga ke nan duk jinin da ke jikinka yana fita daga zuciya, ya zaga, ya dawo a cikin minti ɗaya ko makamancin haka.

Mu yanzu wannan ba labari ba ne, amma duniya ta yi shekaru fiye da 1,000 ba ta san haka ba. Babban likitan nan na zamanin Rumawa, Jalinusu, ya koyar da cewa hanta ce take yin jini daga abinci, sai jinin ya bazu a jiki, gaɓoɓi su shanye shi. Ya kuma ce akwai wasu ƙofofi da ido ba ya gani a bangon da ya raba zuciya gida biyu, ta nan jini yake ratsawa daga dama zuwa hagu. Likitoci suka riƙe maganarsa tamkar ba ta taɓuwa. Sai a ƙarni na 13 Ibn al-Nafis, wanda ya yi karatu a Dimashƙa ya yi aiki a Alƙahira har ya rasu a 1288, ya rubuta ƙarara cewa bangon nan ba shi da ƙofa. Ya ce jini yana fita daga ɓangaren dama ne ya tafi huhu, ya gauraya da iska, sannan ya dawo ɓangaren hagu. Ina son ɗalibai su riƙe sunan mutumin nan, don ba ƙaramar zuciya ba ce ka saɓa wa wanda kowa yake bi.

Daga baya, a 1628, William Harvey na Ingila ya rufe bakin gardama da lissafi. Ya ƙiyasta yawan jinin da zuciya take fitarwa a bugu ɗaya, ya ninka da yawan bugun, sai ya ga a cikin rabin awa kawai ta fitar da jini fiye da duk wanda ke cikin jiki. Ina hanta za ta samo abincin da za ta yi wannan jini? Dole dai jini ɗaya ne yake zagayawa. Abin da Harvey bai gani ba shi ne mahaɗar da ke tsakanin jijiyoyi masu fita da masu dawowa. Marcello Malpighi na Italiya ne ya gan ta a 1661, a huhun kwaɗo, da madubin ƙara girma: ƙananan jijiyoyi da suka fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba. A cikinsu ne jini yake sauke kaya ya ɗauki kaya.

To, mu koma kwalba. Ruwan nan na sama shi ake kira filasma, shi ne kusan kashi 55 cikin 100 na jini. Fiye da kashi 90 cikin 100 nasa ruwa ne zalla. Sauran kuma furotin ne, da gishiri iri-iri, da sukari, da maiƙo, da saƙonnin da gaɓoɓi suke aika wa juna, irin su insulin. Abin da hanji ya tsotsa daga abinci, filasma ce take kai shi. Dattin da jiki ya fitar, ita take kwasa ta kai wa ƙoda. Ƙodojinka biyu suna tace kusan lita 180 na wannan ruwa a kullum, su mayar da kusan duka cikin jini, abin da ya rage, lita ɗaya da rabi ko makamancinta, shi ne fitsari. Ita ce kuma take raba zafi. Idan ka yi gudu jikinka ya ɗau zafi, jijiyoyin fata sukan buɗe, jini ya matso kusa da waje ya zubar da zafin. Idan sanyi ya yi yawa su tsuke, shi ya sa yatsu suke fara yin sanyi kafin ƙirji.

Furotin ɗin da ya fi yawa a cikinta shi ne albumin, hanta ce take yin sa. Aikinsa riƙe ruwa a cikin jijiyoyi. Idan ya yi ƙasa, ko don hanta ta lalace, ko don ƙoda tana yoyon sa cikin fitsari, ko don yunwa mai tsanani, sai ruwa ya sulale ya shiga nama. Ka ga ƙafa ta kumbura, ka danna da yatsa, rami ya tsaya. Mai wannan kumburi ba ƙiba ya yi ba, a kai shi asibiti.

Yanzu jan nan na ƙasa, inda zan fi daɗewa. Jajayen ƙwayoyin jini ke nan. Ku ɗauki ɗigon jini ɗan mitsitsi, milimita ɗaya tsawo, ɗaya faɗi, ɗaya tsayi, kamar kan allura. A cikinsa akwai jajayen ƙwayoyi kusan miliyan 5. A jiki baki ɗaya kuwa sun kai wajen tiriliyan 25. Babu wata ƙwayar jikin ɗan Adam da ta kai su yawa.

Siffarsu, ka ɗauki ɗan curin laka ka matse tsakiyarsa da babban yatsa da manuniya, ya yi faɗi, tsakiya ta lotsa ta fuska biyu. Wannan siffa tana ba ƙwayar damar lanƙwashewa, saboda wasu ƙananan jijiyoyin sun fi ta ƙunci, sai ta naɗe ta wuce, su bi layi ɗaya bayan ɗaya. Wani abu kuma da ba na gajiya da mamakinsa: kusan kowace ƙwaya a jiki tana da cibiya, inda bayanan gado suke. Jar ƙwaya kafin ta fito aiki sai ta tofar da tata cibiyar, ta bar wurin ga kayan da za ta ɗauka. Ta rasa ikon haihuwa, ta rasa ikon gyara kanta, ta zama jaka kawai cike da abu guda, haimogulobin. A ƙwaya ɗaya akwai haimogulobin kusan miliyan 270, kowanne yana da ƙarfe guda 4, kowane ƙarfe yana kama iskar oksijin guda. A huhu ya kama, a nama ya saki. Idan ya kama jinin ya yi ja mai haske, idan ya saki ya yi ja mai duhu. Shuɗin da kuke gani an yi wa wasu jijiyoyi a zanen littafi, don a bambanta su ne kawai, babu shuɗin jini a jikin mutum. Iskar da jiki ya gama amfani da ita kuma, wadda muke fitarwa da numfashi, mafi yawanta a narke take tafiya cikin filasma har ta isa huhu.

Haimogulobin yana da rauni guda da ya kamata kowa ya sani. Akwai iska mai guba da ke fita daga janareta, da salansar mota, da garwashi, ana ce mata kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Haimogulobin yana kama ta fiye da yadda yake kama oksijin sau 200 da ɗoriya, kuma idan ya kama ba ya son saki. Mutum yana numfashi, huhunsa lafiya lau, amma jininsa ya daina kai komai. Ciwon kai, jiri, barci, shi ke nan. Don Allah, kada a kunna janareta a cikin gida ko a bakin taga, kada a kwana da garwashi a ɗaki rufe.

Tunda jar ƙwaya ba ta iya gyara kanta, kwanakinta ƙidayayyu ne, kusan kwana 120. Saboda haka dole a yi ta yin sababbi. A ina? A cikin ɓargo, musamman na ƙashin ƙugu, da ƙashin ƙirji, da haƙarƙari, da ƙashin baya. Ɓargon kowannenku yana fitar da jajayen ƙwayoyi fiye da miliyan 2 a kowace daƙiƙa. Daga lokacin da na yi sallama zuwa yanzu, kowa a ɗakin nan ya yi sababbi fiye da biliyan ɗaya, ya kuma binne kwatankwacinsu. Mai ba ɓargo umarni kuwa ƙoda ce. Ita take auna oksijin da ke zuwa mata, idan ta ji ya ragu ta aika da sinadarin da ke cewa ɓargo ya ƙara himma. Shi ya sa mai ciwon ƙoda yake fama da ƙarancin jini, shi ya sa kuma mazauna kan manyan duwatsu, inda iska ba ta da ƙarfi, jajayen ƙwayoyinsu suka fi namu yawa.

Tsofaffin kuma saifa da hanta suke tsince su. Ba a zubar da ƙarfen, ana mayar wa ɓargo ya sake aiki da shi. Duk ƙarfen da ke jikin baligi bai wuce giram 3 zuwa 4 ba, nauyin ƙaramar ƙusa, kuma wajen kashi biyu cikin uku nasa yana cikin jini. Abin da ya rage na haimogulobin yana rikiɗa ya zama wani abu rawaya, hanta ta tura shi hanji. Daga gare shi bayan gida yake samun launinsa, fitsari ma haka. Idan ƙwayoyi suna fashewa da yawa, ko hanta ta kasa, ko hanyar ta toshe, rawayan nan ya taru ya fito a ido. Ita ce shawara. Kun ga ke nan shawara alama ce, ciwon da ya kawo ta shi ake nema.

Tunda jiki yana tattalin ƙarfensa haka, me yake kawo ƙarancin jini? Sau da yawa yoyo ne: al'ada mai yawa, haihuwa a kai a kai, tsutsar ciki mai tsotsar jini, gyambon ciki da ke zuba a ɓoye. Ko abinci ya gaza, ko zazzaɓin cizon sauro, wanda ƙwayar cutarsa take shiga cikin jar ƙwaya ta hayayyafa ta fasa ta. Ku buɗe tafin hannunku yanzu ku duba. Ku ja fatar ido ta ƙasa, na kusa da ku ya duba muku. Ja ya kamata a gani. Idan ya yi fari fat, ga haki, ga jiri, ga bugun zuciya da ɗan motsi kaɗan, to a je a auna. Ra'ayina a nan ba na ɓoye shi: ba na son mutum ya sayi maganin ƙarin jini ya yi ta sha ba a gano inda jinin yake tafiya ba. Ba a cika tulun da yake yoyo.

Ba zan bar jajayen ƙwayoyi ba sai na taɓo sikila. Wani likita a Shikago, James Herrick, shi ya fara bayyana ƙwayoyi masu siffar lauje a jinin wani ɗalibi a 1910. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa matsalar a haimogulobin take. Bayan 'yan shekaru Vernon Ingram ya gano cewa tubali ɗaya tak ne ya sauya a cikin wata sarƙar haimogulobin mai tubala 146. Ɗaya tak. Amma saboda shi, idan oksijin ya yi ƙasa sai ƙwayar ta sandare ta lanƙwashe, ta kasa bin ƙananan jijiyoyi, ta toshe hanya. Wannan shi ne ciwon ƙashin da yake sa yaro kururuwa. Kuma maimakon kwana 120, ƙwayar takan mutu a kwana 10 zuwa 20, ɓargo ya yi ta gudu bai cim ma ba. Idan mai AS, wato mai ɗauke da gadon sikila ba tare da ciwon ba, ya auri mai AS, a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai SS, wato mai sikila. A kowane ciki na ce, ba wai idan an haifi ɗaya sauran ukun sun tsira ba. Ciki bai san abin da na gabansa ya haifar ba.

Sai farin layin tsakiya. Bai kai kashi ɗaya cikin 100 na jini ba, amma abu biyu ne a ciki.

Na farko fararen ƙwayoyin jini, dakarun jiki. A ɗigon nan na kan allura, inda jajaye suke miliyan 5, su 4,000 ne zuwa 11,000. Su jini hanya ce kawai a wurinsu, aikinsu a cikin nama yake. Idan ƙaya ta soke ka, sai su ratsa bangon jijiya su fita, su nufi wurin. Wani masani ɗan Rasha, Ilya Mechnikov, ya ga haka da idonsa a 1882. Ya soka ƙaya a jikin ɗan tsakon wata halittar teku mai siffar tauraro, wadda jikinta garau yake ana ganin ciki, washegari ya tarar ƙwayoyi sun yi wa ƙayar rubdugu. Irin waɗannan su suka fi yawa a cikin fararen, suna haɗiye ƙwayoyin cuta su mutu a fagen daga. Mugunyar da kake gani a maruru, mafi yawanta gawarwakinsu ne.

Akwai kuma masu riƙe tarihi. Idan suka haɗu da cuta sau ɗaya sai su haddace kamanninta, su ƙera makamin da ya dace da ita, wani lokaci su riƙe har ƙarshen rayuwa. Shi ya sa wanda ya yi ƙyanda ba ya sake yi. Allurar rigakafi a kan wannan aka gina ta: a nuna musu kamannin abokin gaba ba tare da an sha wahalar cutar ba. Kaluluwar da ke fito maka a matsematsi idan ka ji ciwo a ƙafa, sansaninsu ne ya cika da aiki. Ƙwayar cutar ƙanjamau kuma, abin da ya sa ta yi muni shi ne masu ba sauran dakarun umarni take kashewa. Sankarar jini ita ce ɓargo ya yi ta fitar da fararen ƙwayoyi marasa amfani har su cinye wurin masu amfani.

Na biyu a farin layin su ne filatilet, masu toshe ɓaraka. Ba ma cikakkun ƙwayoyi ba ne, ɓarɓashi ne da ke gutsurowa daga wasu manyan ƙwayoyi a ɓargo. Suna kai 150,000 zuwa 450,000 a ɗigon nan, kwanansu 7 zuwa 10. Ka tuna ranar da reza ta yanke ka a yatsa. Jini ya ɓullo, ka danne, bayan 'yan mintuna ya tsaya. Me ya faru a ƙarƙashin yatsan da ka danne da shi? Jijiyar ta tsuke bakinta. Filatilet suka taɓa wurin da ya yage, suka yi danƙo, suka manne, suka kira 'yan uwansu. Sannan wasu furotin fiye da 10 da ke yawo a filasma suka shiga tayar da juna, wannan ya ta da wancan, har na ƙarshe ya zama zare, ya saƙa raga a kan wurin, jajayen ƙwayoyi suka maƙale a ciki. Shi ne gudan jini, idan ya bushe ya zama ɓawon da yara suke son ɓanɓarewa. Hanta ce take yin mafi yawan furotin ɗin nan, wasunsu kuma sai da bitamin K, shi ya sa ake yi wa jariri allurarsa da an haife shi. Idan mutum ya gaji rashin ɗaya daga cikinsu, ƙaramin rauni sai ya yi ta zuba. Sarauniya Biktoriya ta Ingila ta gadar wa zuriyarta irin wannan ciwo, ya bi aure ya shiga gidajen sarautar Rasha da Sifen.

Amma abin da ke ceto shi ne kuma yake kisa idan ya faru inda bai kamata ba. Gudan jini a jijiyar zuciya shi ne bugun zuciya na farat ɗaya. A ƙwaƙwalwa, shanyewar ɓarin jiki. A ƙafar wanda ya daɗe a kwance, yana iya ɓallewa ya tafi huhu. Jini kullum a kan siraɗi yake tafiya: ya zama ruwa a cikin jijiya, ya daskare da zarar ya fita.

Saura maganar ƙarin jini. Tun 1667 aka gwada saka wa mutum jinin dabba a Faransa, abin ya ƙare da mutuwa da shari'a, aka hana. Daga 1818 wani likitan haihuwa a Landan, James Blundell, ya shiga gwada jinin mutum ga mutum, saboda matan da yake gani suna mutuwa da zubar jini bayan haihuwa. Wasu suka rayu, wasu suka mutu, babu wanda ya san dalili. Sai a 1901 Karl Landsteiner a birnin Biyena ya ɗebi jininsa da na abokan aikinsa, ya raba ƙwayoyi da ruwa kamar yadda ke cikin kwalbar nan, ya riƙa gauraya ƙwayoyin wannan da ruwan wancan. Wasu suka zauna lafiya, wasu suka dunƙule. Daga nan rukunin A da B da O suka fito, a shekarar da ta biyo aka gano AB. An ba shi kyautar Nobel a 1930. A 1940 kuma shi da Alexander Wiener suka bayyana alamar Rh, wadda ita ce fozitif ko negetif ɗin da kuke gani a takardar gwaji. A lura, rukunin jini daban, AA da AS da SS daban. Ina yawan haɗuwa da wanda zai ce mini shi O ne, saboda haka babu ruwansa da sikila. Babu abin da ya haɗa su.

Duk da ci gaban nan, har yau babu masana'antar da ke ƙera jinin da zai maye gurbin na mutum a gadon asibiti. Kuma ba ya ajiyuwa da daɗewa: jajayen ƙwayoyi iyakarsu kwana 35 zuwa 42 a firji, filatilet kwana 5 zuwa 7.

Akwai wani dare da ba na mantawa, ina sabon ma'aikaci a wani asibiti. Aka kawo wata baiwar Allah ta haihu, jini ya ƙi tsayawa. Na je ɗibar samfur, na kama hannunta, sanyi ƙalau kamar an tsamo shi daga ruwa, tafin fari fat, leɓenta sun bushe, tana ta cewa ƙishirwa. Na koma na buɗe firji, babu leda ko ɗaya ta rukuninta. A waje ga dangi sun fi 10 a tsaye. Na ce ana buƙatar jini, kowa ya sunkuyar da kai. Ba rashin ƙauna ba ne, kuka suke yi. Tsoro ne, sun ɗauka wanda aka ɗebi jininsa ba ya komawa daidai. Ƙaninta ne, saurayi, ya matso ya ce, "Malam, ɗebi nawa, ko duka ne." Na ce masa leda ɗaya ce, ba ta kai kashi ɗaya cikin 10 na jininsa ba. Da suka ga ya tashi da ƙafafunsa, mutum biyu suka biyo baya. Muka yi gwaje-gwaje, muka haɗa, aka ɗaura. Kafin asuba na sake kama hannun nan, ya yi ɗumi, ja ya fara dawowa tafin. Ta rayu. Amma mintunan da muka ɓata muna lallashi, da jinin yana firji tun farko, da ba a shiga wannan hatsari ba. Leda ɗaya mililita 450 ce. Ruwan yana dawowa cikin kwana ɗaya ko biyu, jajayen ƙwayoyi cikin 'yan makonni. A ƙasashe da yawa namiji lafiyayye yana iya bayarwa duk wata 3, mace duk wata 4, kuma ba a ɗiba sai an auna an ga kana da isasshe.

An ce in bar lokacin tambayoyi. Bismillah, Baba.

(Wani dattijo ya tambaya ko hawan jini yana nufin jinin mutum ya yi yawa, ko rage shi zai taimaka.)

Allah ya ƙara girma, Baba. A'a, ba yawa ba ne. Ƙarfin da jini yake bugun bangon jijiya ne ya hau, galibi saboda jijiyoyin sun tsuke ko sun yi tauri. Kamar ka danne bakin tiyo ne, ruwan bai ƙaru ba, amma ya fita da ƙarfi. Mutum yana iya samun ƙarancin jini da hawan jini a lokaci guda. Ɗibar jini ba maganinsa ba ce. A riƙa aunawa, a rage gishiri, a sha magani yadda likita ya ce, ko da ana jin lafiya.

(Wata mata ta ce an gaya mata ita negetif ce, mijinta fozitif, kuma tana da juna biyu na fari.)

Allah ya raba lafiya, Hajiya. Kin yi daidai da kika tambaya yanzu. Jinin uwa da na ɗan tayi ba sa gauraya, mabiyiya ce take tsakaninsu tana miƙa abinci da iska. Amma lokacin haihuwa, ko ɓari, ko zubar jini a cikin ciki, kaɗan daga jinin yaron yakan shiga naki. Idan ya gaji fozitif daga mahaifinsa, dakarun jikinki za su ga baƙo su haddace shi. Cikin fari galibi lafiya yake fita, na baya ne suke shiga hatsari, don makaman suna ratsa mabiyiya su fasa jajayen ƙwayoyin yaron. Akwai allurar da ke hana jikinki yin wannan haddar, ana ce mata anti-D. Ana yin ta a watannin ƙarshe na ciki, sannan a sake cikin awa 72 bayan haihuwa idan an gwada jaririn an ga fozitif ne. Ki gaya wa masu awonki tun yanzu, ki sa su rubuta a katinki, ranar haihuwa kuma ki sa wanda ya raka ki ya tuna musu.

Ana yi mini alama lokaci ya ƙure. Wanda kwalbar take hannunsa, don Allah ya miƙo ta gaba. Wassalamu alaikum.